Nawa za a cire kafin a ce juji ne ya fitar da metan?

Maryama: Assalamu alaikum malamaina da yan uwa na wannan zauren. Dan Allah ina neman a duba min wani abu da ya tsaya min a wuya. Ina aikin mastas a nan Ingila, malamin da ke duba aikina ya bani bayanan awo na na'urar laida irin wadda ake kira DIAL, an harba hasken lesa ne ta bayan wani juji don a san yawan iskar metan da yake fitarwa. To shi metan ai dama akwai shi a iska ko babu juji, sai na ɗauki 1.9 ppm, wato kashi 1.9 cikin miliyan na iska, na cire a matsayin na asali kamar yadda nake gani a rahotanni. Amma bayan na cire, har layukan da aka harba sama can, wanda ko kusa da jujin basu bi ba, suna nuna min saura, kamar duk sararin ne ke fitar da gas. Ina matsalar take?

Sadik: Wa alaikumus salam. Ni a ganina lambarki daidai ce, matsakaicin metan na duniya ya ɗan haura 1900 ppb a yan shekarun nan, 1.9 ppm kenan, kuma hukumomi irin NOAA ta Amurka ne suke fitar da shi ba mutum ɗaya ba. Indai kin cire wannan kinga saura to gas ne da gaske, ƙila jujin ya fi yadda kuke zato fitarwa. Ko kuma na'urar ce ke son gyara.

Malam Habu: Ku yi haƙuri in katse ku, ni fiziks nake koyarwa a sakandare kuma ina so in bi zancen nan tun daga tushe. Ta yaya haske zai san yawan gas a wurin da ba wanda yaje?

Dakta Bello: Malam Habu tambayarka ita ce ma hanyar amsar Maryama, bari in fara da ita. Kowane gas akwai tsawon zangon hasken da yake sha. Metan yana sha sosai a wajen maikromita 3.3, yana kuma sha a wajen nanomita 1650, CO2 kuma a wajen nanomita 1572 da maikromita 2. To DIAL tana harba haske kala biyu masu kusa da juna matuƙa, ɗaya an saita shi daidai inda gas ɗin ke sha, ɗayan an ɗan gusar dashi gefe inda kusan baya sha. Su biyun suna tafiya, ƙura da ɗigon ruwan da ke iska suna dawo da ɗan kaɗan daga cikinsu zuwa madubin na'urar. Lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo shi ke gaya maka nisa, bambancin ƙarfin dawowar su biyun kuma shi ke gaya maka yawan gas ɗin da aka ratsa kafin a kai wannan nisan. Dabarar ba sabuwa bace, Richard Schotland ya gwada ta tun shekarun 1960 akan tururin ruwa.

Abin lura anan shine na'urar bata san wannan metan na juji bane wancan na duniya, duk wanda hasken ya ratsa ƙirga shi take, tara shi take yi mita bayan mita.

Malam Habu: Na gane Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Kenan ko a fili fetal aka harba sai ta nuna wani abu.

Dakta Bello: Ƙwarai kuwa. Kuma anan nake saɓawa ɗan uwana Sadik. Lambar da ka kawo gaskiya ce amma ba amsar tambayar Maryama bace. Wancan matsakaicin an haɗa shi ne daga tashoshin da aka zaɓa don nisansu da mutane, bakin teku, tsibirai, kan duwatsu, sannan aka haɗa arewacin duniya da kudanci, alhali arewa tafi kudu metan saboda yawancin masu fitar dashi a arewa suke. Iskar da ta ratso garuruwa da gonaki da shanu da bututun gas na Ingila kafin ta iso bakin jujin ba zata zama daidai da wannan ba, sau da yawa zaki sameta 2 ppm ko sama. Abinda Maryama ke buƙata shine yawan metan ɗin da iskar take ɗauke dashi a wannan wurin a wannan sa'ar kafin ta taɓa jujin.

Sadik: Dakta da girmamawa, tsakanin 1.9 da 2.0 ai 0.1 ne kawai, kashi biyar cikin ɗari. Wace na'ura ce ma bata da kuskuren da ya kai haka? Ina ganin muna wahalar da yarinyar nan akan abu kaɗan.

Dakta Bello: To mu lissafa tare, misali ne nake bayarwa ba bayananta ba. Ace hasken ya yi tafiyar mita 300 a iska mai 2 ppm, abinda ya tara 600 ppm-mita kenan. Ace gungun gas ɗin da ya taso daga juji faɗinsa mita 20 ne kuma ya ɗara na asali da 3 ppm, nashi 60 ne kacal. Yanzu kayi kuskuren 0.1 ɗinnan a tsawon mita 300, ka samu 30. Rabin abinda kake nema kenan. Kamar ka hau da tirela kan sikeli don ka san nauyin buhun gero ɗaya da ke bayanta ne, in ka kuskure nauyin motar da kaɗan to zancen buhun ya lalace.

Kuma bai tsaya nan ba, domin ba layi ɗaya ake harbawa ba, ana ɗaga na'urar kaɗan kaɗan ne har ta zana bango a iska ta bayan jujin, sai a ninka gas ɗin da ke bangon da gudun iska a samu kilo nawa ke wucewa a awa. Bango mai tsawon mita 300 da tsayin mita 50 murabba'in mita 15,000 ne. Iska na gudun mita 4 a daƙiƙa. 0.1 ppm na metan kusan miligiram 0.067 ne a kowace kubik mita ta iska. Ka ninka su zaka samu wajen giram 4 a daƙiƙa, kusan kilo 14 a awa, wanda babu wani juji da ya fitar dashi, daga alƙalaminka ya fito. In an ci kamfani tara akan wannan an zalunce shi, in kuma kuskuren ta ɗaya gefen ne an wanke mai laifi.

Sadik: Toh, lissafin ya zauna. Ban kalli abin ta fuskar faɗin bangon ba. Amma har yanzu tambayata tana nan, in ba lambar hukuma ba to wace lamba za'a yarda da ita? Kowa ya ƙirƙiro tashi?

Injiniya Auwal: Salam jama'a, ni ba masanin laida bane amma muna amfani da ƙanwarta a wajen aiki, ƙaramar na'urar lesa ta hannu da muke duba yoyon bututun gas da ita. Ita bata raba nisa, kana haska bango ko ƙasa ko jikin bututu hasken ya dawo ta baka jimla a ppm-mita. Abinda Dakta ya faɗa kullum muna ganinshi, ka haska bangon da ke kusa ta baka lamba ƙarama, ka juya ka haska wanda ke can nesa lambar ta hau, yaron da bai saba ba sai ya ruga yace oga akwai yoyo, alhali iskar da ke tsakani ce ta ƙaru kawai. Shi yasa abu na farko da nake koya musu in mun isa wuri shine a duba ina iska ke busowa, a ɗebi yar ƙasa a saki a gani in babu tuta, a je ta can a haska abu mai nisa daidai da wanda za'a duba, a rubuta lambar a littafi, sannan a zagayo. Kuma in an daɗe a wurin a sake komawa a ɗauka domin na safe daban na rana daban.

Wani abu da zan ƙara saboda masu karatu, wannan na'urar metan kawai take gani, wato gas ɗin bututu da CNG na motoci. Gas ɗin girki na silinda furofen da butan ne, kar wani ya haska tukunyar gas ɗin gidansa yaga shiru yace lafiya lau.

Maryama: Nagode Injiniya, wannan ta gas ɗin girki tana da muhimmanci wallahi. Matsalata ita ce awon an riga anyi shi, ba ni naje filin ba, kuma cikin fayil ɗin da aka bani layukan da aka harba ta gefen da iska ke busowa kaɗan ne. Dakta akwai yadda zan fitar da na asalin daga layukan da nake dasu?

Dakta Bello: Akwai ƙanwata, kuma ita ce hanyar da nafi yarda da ita domin na'ura ɗaya ce ta auna duka biyun, in tana da wata yar karkata to ta shiga ko'ina daidai. Ki ɗauki logaridim na rabon hasken biyu ki zana shi akan nisa, kafin ki cire komai. In iskar ɗaya ce ko'ina zaki ga miƙaƙƙen layi yana hawa a hankali, wannan hawan shine na asali. In hasken ya shiga gungun gas sai layin yayi tsalle, in ya fita sai ya cigaba da hawa irin na farko amma daga sama. To ki yanke wurin tsallen, ki ɗauki hawan da ke bayansa.

Wahalar kuma anan take. Kusa da na'urar bayanan basu da kyau don hasken bai gama shiga idon madubi ba, can nesa kuma abinda ke dawowa ya raunana ƙwarai, yana raguwa da murabba'in nisa, hayaniyar na'ura ta fara rinjayar sigina. Layi ɗaya zai baki 1.7 na kusa dashi ya baki 2.4, ba wanda zaki dogara dashi. Maganin shine ki haɗa layuka da yawa na lokaci guda ki tilasta musu hawa iri ɗaya, amma ki bar kowanne da nashi tsayin tsallen tunda kowanne gas ɗin da ya ratsa daban. Sannan wuraren da hayaniya tayi yawa ki rage musu nauyi a lissafin. A ƙarshe ki rubuta lambar tare da iyakar kuskurenta, ki kuma kai wannan kuskuren har cikin kilo a awa ɗin. A ƙasar da kike akwai cibiyar awo ta NPL a Teddington, suna da DIAL a cikin babbar mota suna zagaya matatun mai da jujai da ita shekara da shekaru, rubuce rubucensu zasu amfane ki.

Sadik: Ni da zan sauƙaƙa, me zai hana kawai ta ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da na'urar ta bayar a ranar tace shine na asali? Tunda juji ƙarawa yake ba ragewa ba.

Dakta Bello: Mutane da yawa suna yin haka, amma mafi ƙanƙantar lamba yawanci hayaniyar na'ura ce ta jefa ta ƙasa ba iskar ce ta tsarkaka ba, kuma duk yadda bayananka suka ƙaru haka zaka ƙara samun wadda tafi ta ƙanƙanta. Ka ɗauketa ka rage na asali, ka kumbura na juji. Masu awo na dogon lokaci shi yasa suke ɗaukar wani kaso na ƙasa ƙasa a cikin tazarar lokaci mai tafiya, ba guda ɗaya tal ba. A CO2 ma abin yafi haka haɗari, domin da rana shuka tana shan shi, akan gona mai kore lambar tana iya sauka ƙasa da ta iskar da ta shigo.

Ko a Mauna Loa ɗin da kowa ke ambata, a Hawai, tsayin wajen mita 3,400, inda Charles Keeling ya fara awo a 1958 lokacin CO2 na wajen 315 ppm yanzu kuma ya wuce 420, ba duk abinda na'ura ta rubuta suke ɗauka ba. Wani lokacin da dare dutsen kansa yana huro CO2 daga ramukansa, da yamma kuma iska tana hawowa daga ƙasa ta ratso itatuwa sun sha wani abu. Tacewa suke su ware sa'o'in da lambar ta tsaya daram bata hawa da sauka. Kenan ko can zaɓo shi ake da hujja.

Zainab: Dakta Allah ya saka da alheri. Ni ɓangaren noma nake kuma abinda ya ja hankalina shine shinkafa, tunda gonar da ruwa ya kwanta a cikinta tana fitar da metan. In mutum zai yi irin wannan awon a wajen Kura ko Kadawa ko fadamun Haɗeja da Nguru, ina zai samu gefen da babu gas? Ka tsaya ta gabas gonar wani ce, ta yamma ta wani ce, ga garken shanu sun zo kiwo ga ƙauye da bolarsa. Kuma na lura da asuba a fadama iska bata motsi sam, hayaƙin murhu ma kwanciya yake a saman rufin ɗakuna baya tashi.

Dakta Bello: Abinda kika gani da asuba shi ne babban abin. Da dare ƙasa tayi sanyi iskar da ke kanta bata hawa, duk abinda shinkafa da shanu da bola suka fitar yana taruwa a ɗan siririn sashe kusa da ƙasa, lambar tayi sama sosai. Rana ta ɗaga ta dumama ƙasa sai iskar ta gauraya har sama da kilomita, lambar ta sauko. Don haka wanda ya ɗauki na asali da ƙarfe bakwai ya cire shi daga awon azahar zai ga kamar gonar shan metan take. A irin wurinku ba zaki nemi iska mai tsarki ba don babu ita, hanyoyin haske biyu zaki shimfiɗa, ɗaya a gefen da iska ke shiga gonar ɗaya a gefen da take fita, lesa a nan madubi mai mayar da haske a can, su yi aiki lokaci ɗaya, bambancinsu shine na gonarki. Kuma ki jira iska mai tafiya sosai, in ta tsaya ko tana juyawa ki ajiye awon wannan lokacin gefe.

Isuhu Yamai: Sallama gare ku daga Nijar. Ina son in ƙara abu guda da ya shafi yankinmu wanda su Maryama can basu da shi. Mu iskarmu biyu ce a shekara. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta ratso hamada, da damina kuma daga kudu maso yamma, daga teku, wadda asalinta ma ta ƙetaro daga kudancin duniya. Tunda Dakta yace arewa da kudu metan ɗinsu ba ɗaya ba, kenan na asalin Kano ko Maradi a Janairu da na Agusta ba zai zama guda ba ko da ba'a ƙara saniya ɗaya ba. Sannan ta daminar kafin ta iso mu ta bi ta kan fadamu da wuraren haƙar mai na kudancin Najeriya. Tashar da tafi kusa damu cikin masu auna iskar asali da na sani ita ce Assekrem, kan duwatsun Ahaggar kusa da Tamanrasset a Aljeriya, tsayin mita 2,700 da wani abu. Tana da amfani ga iskar hunturu amma ba zata gaya maka ta damina ba.

Laida kam ta taɓa zama nan Yamai, a 2006 lokacin shirin AMMA na nazarin damina Amurkawa sun girka tashar awo a filin jirgi shekara guda, akwai laida ciki, amma ta ƙura da gajimare ce ba ta gas ba.

Malam Habu: Malam Isuhu ka tuna min, to ƙurar hunturu fa? Ranar da hazo ya sauko ko ƙarshen layinmu bama gani, hasken lesan zai wuce kuwa?

Dakta Bello: Ƙura tana da fuska biyu a wannan aikin. DIAL tana buƙatarta, don in iska tayi garau ƙwarai ba abinda zai dawo da hasken. Kuma tunda kala biyun suna kusa da juna ƙura tana rage su daidai wa daida, in ka raba ɗaya da ɗaya sai tasirinta ya fita, muddin an harba su a jere da sauri kafin ƙurar ta gusa. Amma in hazon yayi kauri irin wanda ke tasowa daga Bodele a Chadi, nisan da zaka iya gani ya gajarta, kuma sashen nesa ɗinnan shine wanda nace Maryama ta fitar da na asali daga gareshi. Ka samu sigina mai ƙarfi kusa, ka rasa wurin da zaka auna hawan layin.

Daga sama kuwa anan lesa ta fi. Taurarin ɗan adam irin su GOSAT na Japan na 2009 da OCO-2 na 2014 da Sentinel-5P na 2017 mai ɗauke da na'urar TROPOMI da hasken rana suke aiki, dare ba awo, ƙura kuma tana rikita musu tsawon hanyar da hasken ya bi. Mai lesa yana da agogo, ya san wanne haske ne ya dawo daga ƙasa wanne daga ƙura. Sin ta harba tauraron DQ-1 a Afrilun 2022 da laidar CO2, Faransa da Jamus kuma suka haɗa hannu akan tauraron MERLIN don metan a nanomita 1645. Jamusawan sun gwada irinta a jirgin sama a 2018 akan ma'adinan kwal na Silesiya a Folan, kuma ko can hanyar ɗaya ce, a ratsa gungun gas ɗin a ɗauki gefe da gefensa a matsayin na asali.

Sadik: Na karɓi zancen awo a wurin. Inda nake nan daram shine kar a jefar da lambar hukuma, a riƙeta a matsayin ma'aunin hankali. In lissafin Maryama ya bata 1.6 a Ingila to ta san akwai matsala a na'ura ko a lissafi, don iskar waje a can ba zata sauka haka ba.

Dakta Bello: Wannan na yarda dakai ɗari bisa ɗari. Kuma in hakan ta faru wuri na farko da zata duba shine ƙarfin shan hasken da ta saka a lissafi, domin yana canzawa da zafi da matsin iska, ana ɗauko shi daga rumbun bayanan shan haske na HITRAN a gyara shi da yanayin ranar, kuma in lesan ya ɗan gusa daga inda aka saita shi duk lambobin zasu sauka tare.

Maryama: Na zana kamar yadda kace Dakta, tsallen ya fito ƙarara a layukan ƙasa, na saman kuma miƙe suke ba tsalle ko ɗaya, kenan sauran da nake gani a cikinsu daga 1.9 ɗin da na cire ne. Da na haɗa su hawan yana bani sama da 2 kaɗan, amma na safe sun fi na rana. Zan raba su kashi kashi bisa lokaci kowane bango da nashi. Tambaya ɗaya ta rage, bayanan iskar da aka bani daga sanda ɗaya ne mai tsayin mita 10, shi zan yi amfani dashi har saman bangon?

Dakta Bello: A'a, iska tana ƙara gudu in kina hawa, in kika sa gudun mita 10 a ko'ina kin rage na sama kin ƙara na ƙasa. Ki tambayi malaminki ko sandar tana da awo a tsayi biyu ko fiye, yawanci akan saka, daga nan sai ki fitar da yadda gudun ke ƙaruwa. Kuma ki tuna ɓangaren iskar da ya ratsa bangon kai tsaye kawai zaki ninka dashi, ba duka gudun ba. Turo min zanen na safe ɗin in kin raba, ina so inga ko gas ɗin da ya kwana ne bai gama watsewa ba ko kuwa akwai wani juji ko gona ta bayanku da iskar ke ratsowa.